Haƙorin Makkan Inna

Jikata ta shigo mini rannan tana ta washe baki, wai in duba in gani. Na duba. Haƙorin Makka ne har biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ga kuma wani ɗan dutse mai ƙyalli da aka liƙa mata a na gaba. Na ce, "Yaushe kika sauke farali ban sani ba?" Ta ce, "Haba Hajiya, ai a nan Kano ake sawa yanzu, kina zaune za a gama miki." Yarinyar da ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba. Na tambaye ta ko ta ga an dafa ƙarfen da aka cusa mata a baki, sai ta tsaya kallona kamar na yi mata wani yare. Ban ƙara ba, don in na ƙara za a ce tsohuwa ta fara. Amma ranar ban ci abincin kirki ba, mahaifiyata ce ta tsaya mini a rai.

A gidanmu na Kabara, lokacin da nake tasowa, da kunne ake sanin gari ya waye. Ƙarar buta, kurkurar baki a bakin magudana, kakin tsofaffi ta bayan katanga, sai kuma kowa ka gani da aswaki a gefen baki yana tauna yana harkarsa. Mu yara ba a ba mu aswakin kasuwa, reshen darbejiya ake karyo mana, mai ɗacin tsiya, in ka tofar da wuri a ce ka sake. Ranar Juma'a Inna takan daka gawayi da ɗan gishiri ta zuba a murfin kwano, mu jeru muna dirza da yatsa har dasashi ya yi zafi. Manyan mata kuwa fure da goro suke ci, haƙora su yi jawur, a lokacin shi ne kwalliya. In yaro ya yi famfara a ce ya rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, wai in ya gani haƙorin ba zai fito ba, sai ka ga yaro yana wucewa ta gindin katanga hannu a baki. Ba zan ce da ta fi yanzu ba, ni ba na cikin masu wannan maganar. In haƙori ya tasa ka gaba a wancan zamanin, kanumfari ne da kanwa, in sun gaza sai wurin wani mutum a bakin kasuwa da ke baza haƙoran mutane a kan tsumma don talla. Awartaki ɗaya gare shi, ya cire wa wannan ya goge a rigarsa ya ce na gaba ya matso.

Haƙorin Makka kuwa ba abin wasa ba ne. Ba a ganin sa sai a bakin wanda ya je ya dawo. Mace in ta yi murmushi aka hango shi, ko ba a san ta ba za a gyara mata zama a ce, "Hajiya, ga tabarma." Inna da Baba tare suka tafi. Shi ne ya kai ta aka sa mata, a sama, gefen fiƙa ta hagu, na zinari. Bayan an sauko daga Arfa zazzaɓi ya kama shi, bai tashi ba, can aka binne shi. Ta dawo ita kaɗai da akwatinsa da tasbaha da ruwan zamzam. Masu zuwa gaisuwa suna cewa Alhaji ya yi sa'a, suna kuma leƙen bakinta. Ta yi takabarta ta gama, ta koma ɗinkin hularta, haƙorin yana nan yana ƙyalli.

Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda soja suka ce za su koma bariki. Gari ya rikice da motoci masu lasifika, kowane lungu ka bi waƙa ce da zage-zage, gida ɗaya wa da ƙane ba sa ga maciji. A karon ne ma aka ce mata su fito su dangwala, Inna ta je ta dawo tana nuna mana yatsanta da tawada, ta ce ita dai ta ga layi ta bi. Ni kuma a ƙarshen daminar na haihu, haihuwar fari, aka dawo da ni gida wankan jego. Aka sa wa yarinyar sunan Inna, muna kiran ta Ummi. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana ido da ido ba, sai dai "ke" ko "a ce da waccan". Duk abin da ta ƙi nuna mini sai ta juye shi a kan jaririyar. Ita ke tashi ta hura wuta a ƙarƙashin tukunyar wanka, ta zuba ganye, ta dama kunun kanwa, sannan ta ɗauki takwararta ta yi mata tofi a ka, tana yi mata surutai.

A wurin shan kunun na fara lura. In ta kurɓa sai ta karkatar da kai dama, ta runtse ido. Goro da ba ta rabuwa da shi ta koma gurzawa a magogi. Ɗakinta kullum ƙamshin kanumfari, kuma a ƙarƙashin ƙamshin akwai wani wari da ba na kanumfari ba. Dasashin da ke saman haƙorin ya yi baƙi-baƙi, wani ɗan ƙurji yana fitowa ya fashe ya koma. Na ce, "Inna, haƙorin nan yana damun ki." Ta ce, "A ce da waccan ta ji da jegonta." Alhali daga ni sai ita a tsakar gidan.

Da maƙwabta suka ji, kowa ya kawo nasa. Ba wanda ya ce haƙorin ne. Abin da aka sa a ƙasa mai tsarki, ta yaya zai cuci mutum? Magana ɗaya aka tsaya a kai, kambun baka ne. An kalli haƙorin da yawa, an yaba ba a ce tubarkalla ba, baki ya kama shi. Aka kawo rubutu ta sha, aka kawo turare ta yi hayaƙi, wata tsohuwa ta ce ta daina dariya a cikin mutane. Ni ma a lokacin ban ƙaryata ba, don abin da na tashi na ji ke nan. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, duk abin da aka miƙo karɓa take yi.

Ana cikin haka wata safiya aka yi sallama, wata budurwa ta shigo da farar riga a ƙarƙashin mayafi, riƙe da ƙaramar jaka. Tun kafin ta iso labarinta ya riga ta. An ce ga wasu nan suna bi gida-gida suna ƙirga mata, 'yan jam'iyya ne, wasu suka ce haraji za a sa wa masu haƙorin zinari in farar hula sun hau. Gidaje da yawa an rufe musu ƙofa. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce sunanta Bilki, 'yar Gwammaja ce, tana koyon aikin haƙori. Makarantarsu ce ta turo su, mazan suna duba maza a zaure, su kuma suna shiga wurin mata. Ta ce, "Hajiya, bincike muke yi. Ana yawan kawo mana masu haƙorin Makka da kumburi, muna so mu gane daga ina abin yake, daga ƙarfen ne ko daga kayan aikin masu sawa. Dubawa kawai zan yi, ba na cire komai."

Kafin ta taɓa kowa sai ta nemi wuta. Ta fito da wata 'yar tukunya mai murfi, ta zuba ƙarafunanta, ɗan madubi mai mariƙi da wasu tsinkaye, ta ɗora a murhun da ake dafa mini ruwan wanka. Muka zuba mata ido suna ta tafasa. Inna ta ce, "Miyar ƙarfe za a yi mana?" Bilki ta yi dariya ta ce, "Bakin da na duba a gidan baya ba naki ba ne, Hajiya. Abin da ke bakin wani ba na kai wa wani." Ta wanke hannu da sabulu har gwiwa. Ni ta fara dubawa. Ta ce dasashina yana jini, in riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi da gishiri, kada in yi tarayyar aswaki da kowa, in yarinya ta isa cin abinci kada a tauna mata a baki. Wannan na ƙarshen ya ba ni mamaki, don dukanmu da taunar kakanni muka girma.

Da ta juyo kan Inna, sai Inna ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Ta ce, "Nawa lafiya lau." Bilki ba ta matsa ba. Ta dai tsaya tana kallon leɓen, sannan ta ce, "Hajiya, ko ban buɗe ba na ga ya tasa. Kafin a sa irin wannan sai an goge haƙorin gaske an rage shi, a kifa masa ƙarfe kamar hula. In na cikin ya mutu, ruɓa yake yi a rufe, mugunya ta rasa hanya. Sai an cire." Inna ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ki gaida mutanen gida." Sallama ke nan. Na raka ta har zaure. Ta kwatanta mini gidansu, ta ce in na ga kumburin ya doshi ido, kada in jira kowa, in aika.

Ba a daɗe ba ya dosa. Leɓen sama ya yi suntum, kunci ya biyo, hancin ma ya karkace. Wata safiya ta ɗauki Ummi za ta yi mata tofi, tana kai baki kusa, yarinyar ta kau da kai ta tsala kuka. Ta sake gwadawa, yarinyar ta sake kaucewa. Inna ta miƙo mini ita, ta shige ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara ɗaukar ta ba, wutar wankan ma wata maƙwabciya ce ta karɓa. Da idon hagu ya rufe, jikinta ya yi zafi kamar garwashi, na aika Gwammaja, na kuma aika a kira Kawu, yayanta.

Kawu ya riga zuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a ƙara haƙuri, akwai wani malami da ya yi masa alkawarin rubutu na musamman. Bilki ta iso ta same shi yana wannan bayanin. Ta duba Inna, ta fito ta durƙusa ta ce, "Baba, a sha rubutun, ba na hanawa. Amma daga ido kai zai hau. In ya hau, ba mu da abin yi. Yau za a kai ta." Kawu ya leƙa ya ce, "Kin ji fa." Inna daga kwance ta girgiza kai. Maganarta ba ta fita sosai, amma mun ji. Ta ce, "Da shi za a binne ni."

Ni ba mai haƙuri ba ce, duk dangi sun sani, amma ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Tsoro ne ya ci ƙarfin kunya. Na shiga ɗakin da goyona na tsaya a kanta. Na ce, "Inna, bara na rasa uba, ko kabarinsa ban gani ba. Ba zan zauna ina shan kunu ina kallon ƙarfe ya kashe mini uwa ba. In ba za ki je ba, yanzu zan haɗa kayana in koma ɗakina, wankan ya lalace. In an yi rasuwar a aiko mini." Kawu ya ce, "Ke, uwarki ce fa." Na ce, "Ai shi ya sa, Kawu." Ina faɗa ina kuka. Inna ta daɗe tana kallona da ido ɗayan da ya rage mata. Can ta ɗaga hannu ta nuna mayafinta da ke rataye a ƙyaure.

Mota ba ta shiga lungunmu. Aka riƙo ta a hankali ana tsallake kwatami har bakin titi. Ranar kuwa gari ya cika da murnar sabuwar gwamnati, samari sun hau kan motoci suna kaɗe-kaɗe, da ƙyar mai tasi ya sami hanya ya fitar da mu ta Ƙofar Ɗan Agundi ya zagayo. Mai jego ba ta fita, amma na fita, wadda za ta yi magana ta yi. A babban asibiti aka sa mata ƙarin ruwa da allurai, aka tsaga ta cikin baki, abin da ya fito ba zan kwatanta ba. Da kumburin ya fara saɓewa aka cire haƙorin gaba ɗaya. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri da wani zancen ake yi. Idon ya buɗe. Ta fara shan koko da cokali, ta fara faɗa da masu jinya a kan sun sa mata buta nesa, a nan na san ta dawo.

Ranar da za a sallame mu Bilki ta ja ni baranda. Ta warware wata 'yar auduga ta nuna mini haƙorin. Ta waje yana nan da ɗan ƙyallinsa, duk da ya koɗe a gefe. Ta ciki kuwa kore ne da baƙi, kamar gindin tsohuwar tasa. Ta ce, "Yaya, zinarin gaske ba ya yin haka. Wannan wani ƙarfe ne aka shafa wa ruwan zinari, bakinsa ma bai zauna daidai ba, shi ya yi ta cin dasashin. Muna tara irinsu ne mu kai a auna, a san me ake sa wa mutane, a kuma yi wa masu tafiya bana gargaɗi. Ina so ta ba mu, amma nata ne, sai ta yarda." Na karɓi audugar raina a jagule. Tausayin Baba ya kama ni, ga na Inna ya fi. Mace ta kusa ba da ranta a kan kyautar mijinta ta ƙarshe, a ce mata jabu ce? Na ƙudura ba zan faɗa ba. Zan ce dai suna so su ajiye ne don karatu.

Na same ta zaune a bakin gado ta ɗaure kayanta, Ummi a cinyarta, yarinyar ta yi luf tana wasa da bakin mayafi. Na ce, "Inna, malamar nan tana roƙon a bar musu haƙorin, wai don ɗalibai su riƙa gani." Ta kalli audugar, ta kalle ni. Da sabon giɓinta maganar tana fita da 'yar iska.

Ta ce, "Ta gaya miki ke nan."

Na ce, "Me fa?"

Ta ce, "Ke, ni na yi yawo da shi a baki. Tun a jirgi nake jin ɗanɗanon tsatsa. Macen da ta taɓa riƙe ɗan kunnen zinari a leɓe tana ɗaura ɗankwali ta san zinari ba shi da ɗanɗano."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Kin sani, kika bari ya kusa kashe ki?"

Ta gyara wa Ummi kwanciya. Ba ta kalle ni ba, bango take yi wa magana kamar yadda ta saba. Ta ce a wani lungu ne bayan masauki aka sa mata, mai sawar yana da kujera ɗaya da kwano ɗaya na ruwa da yake tsoma kayan aikinsa, alhazai sun yi layi. Ita ta ce a bari, Baba ya ƙi. Ya ce matarsa ba za ta koma Kano da farin ƙarfe irin na kowa ba, a sa mata na zinari. Guzurin da ya ware don tsarabar kansa ya ba da. Da suka koma masauki ya tara 'yan unguwarmu da suka je tare, ya ce ta yi murmushi su gani, yana ta faɗin shi ba a yi masa wayo a ciniki. Ta ce, "Rabon da in ga ya yi farin ciki irin na ranar tun haihuwarki. Mutanen nan duk suna nan da ransu, suna zama a ƙofar masallaci. In aka cire, wani zai riƙe a hannu ya gane, kafin la'asar Kabara ta ji an damfari Alhaji a Makka. Shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa."

Duk zaman da muka yi ana kambun baka, ana hayaƙi, ita ta san abin da ke bakinta, asirin mijinta take rufewa da shi. Na ce, "To in ce mata ba ki yarda ba?"

A gadon da ke kusa wata mata tana ta ba masu dubiya labarin za ta tafi bana, an ba mijinta kujera biyu, har ta zaɓi gefen da za a sa mata nata. Inna ta saurara har matar ta kai aya. Sannan ta tura mini audugar da bayan hannu.

Ta ce, "Kai mata. Su auna, su gaya wa mutane. Amma in za ta rubuta, ki tsaya a kanta. Ta rubuta ni na je da ƙafata na saya, shi bai ma sani ba."